Amsar da Aka Buga da Sunana

Tun a filin jirgin Kuala Lumpur aka cuce ni, ƙafata ba ta ma gama sabawa da ƙasa ba.

Mu uku muka sauka daga Nijar, shekara guda bayan babban farin da ya cinye mana bisashe a Adar. Akwai Mushe Kadri, Mushe ɗin nan na Faransanci da muke kiran manyan 'yan boko da shi, babban ma'aikaci a wani ofishin gwamnati na Yamai, shi ne shugaban tawaga. Akwai Sanusi, ƙanen matarsa, wanda ban taɓa jin sunansa a harkar noma ba. Sai ni, Asumana, bakaniken injinan ban ruwa na koperatif ɗin masu albasa a Sabon Gida, ƙasar Madawa. Manoman garinmu ne suka tsaya kai da fata har aka sa sunana. An ce za a kai ni sitaj, wato horon aiki, na wata shida a arewacin Maleziya, inda ake noman shinkafa da ruwan madatsa, in koyi yadda ake kafa manyan injina a ja ruwa a raba shi gona-gona. Adireshin wannan cibiya ta arewa na bari a hannun wana Nomau, na ce in wani abu ya taso su buga mini wayar tangaraho can, don na bar Baba yana fama da tari.

Muna fitowa daga wajen duba takardu Mushe Kadri ya miƙo hannu.

"Ku kawo fasfo da tikitin komawa, ni zan riƙe. Ƙasar nan ba a wasa da takarda."

Na ba shi. A lokacin wa zai ce wa babban ma'aikaci a'a? Mutum biyu ne suka zo tarbonmu, kowa da allonsa a hannu. Mushe Kadri ya ja su gefe, suka daɗe suna Turancin Ingilishi, wanda ni ko kalma goma ban sani ba. Faransanci na yi a lakwal, makarantarmu ta boko. Na ga ya fito da biro ya soke wani abu a takardar ɗaya, ya rubuta a ta ɗayan. Sannan ya dawo yana murmushi.

"Asumana, an samu ɗan canji a lis. Kai za ka bi wancan mai farar riga."

"Wane irin canji, Mushe?"

"Ƙaramin abu ne. Sitaj ai duk sitaj ne. Ka tafi, zan neme ka."

Sanusi bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ɗauki jakarsa ya bi ɗaya mutumin.

Yini guda muka yi a mota, ni da mai farar riga, ba mai jin wani. Duwatsu, kurmi, itatuwa a jere kamar sojoji, kore ta ko'ina har ido ya gaji. Ina ta leƙen madatsar ruwa da gonakin shinkafa, ina ce wa raina yanzu za su ɓullo. Da la'asar muka shiga wani gari a bakin kogi, iskarsa tana warin kifi da gishiri. Mutumin ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Terengganu." Muka wuce kasuwa, muka karya kwana, sai ga ruwa a gabana wanda ba shi da ƙetare. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Motar ta tsaya a ƙofar wani gini da aka shanya taruna a harabarsa kamar wanki.

Cibiyar horar da masunta ce. Ni da na fito daga ƙasar da muke haƙa gaba goma sha wani abu kafin mu ga danshi, ni aka kawo in koyi kamun kifin teku. Gurbin Sanusi ke nan, wanda aka samo masa da alfarma. Da suka ga babu abin da takardar kamun kifi za ta tsinana masa a Yamai, sai suka ɗauke nawa suka jefo mini nasa.

Washegari na je wajen shugaban cibiyar. Aka nemo wata ma'aikaciya da ta ɗan taɓa Faransanci. Na yi bayani har muryata ta dushe. Mutumin ya saurara da ladabi, ya buɗe fayil, ya nuna mini sunana da sa hannun Mushe Kadri a ƙasa. Matar ta ce, "Shugabanku ne ya gyara. Mu baƙi muke karɓa, ba mu muke zaɓa ba." Na rubuta wa Mushe Kadri wasiƙa, don shi yana babban birni yana nasa sitaj ɗin na manya. Na sake rubutawa. Na rubuta ta uku. Ko ɗaya bai amsa ba. Na rubuta gida na ba su sabon adireshi, amma na san kafin wasiƙa ta ƙetare duniya ta kai Yamai, ta kai Madawa, ta jira wanda zai je Sabon Gida ranar kasuwa, an yi wata da wani abu.

A aji ana koyarwa da Malayanci da Ingilishi. Ina zaune a baya kamar turmi. Malam yana zana kifi a allo, ni ina zana fanfo a littafina don kada in yi ihu. A mako na biyu aka sa mu a jirgin ruwa. Ba mu yi nisa ba cikina ya juya. Na yi amai har na ga ɗaci, na kwanta a kan taru mai wari ina riƙe da katako, 'yan ajin suna dariya, wani yana kwaikwayon yadda nake kiran sunan Allah. Ba mugunta suke yi ba, na sani yanzu. Amma a ranar da ina da ƙarfin tashi da an yi abin kunya a tsakiyar teku.

Gari kuwa duk inda na bi ido ne. Mata a kasuwa su bar ciniki su bi ni da kallo. Wata tsohuwa ta taɓa kama hannuna ta murza da yatsa ta duba yatsan. Kowa ya tambaye ni ƙasata, in ce Nijar, ya ce, "A, Najeriya!" In ce a'a, Nijar. Ya gyaɗa kai ya ce, "Najeriya." Har na daina gyarawa. Allunan shaguna da yawa da haruffan Larabci aka rubuta su, irin ajaminmu. In tsaya in karanta tsaf, baƙi da wasali, amma ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Wannan ya fi ba ni haushi a kan rubutun da ban iya karantawa sam. Da safe shinkafa da kifi da romon kwakwa, da rana shinkafa da kifi, da yamma haka. Na yi mafarkin fura da nono har na farka ina taunar iska.

Ko masallaci bai bar ni na huta ba. Ranar Juma'a ta farko na tsaya a sahu na saki hannuwana kamar yadda muke yi a gida. Wani dattijo a gefena, ana cikin salla, ya kamo hannuna ya ɗora mini a ƙirji. Na sauke. Ya sake kamowa. Bayan sallama ya tsare ni yana ta faɗa, mutane suka kewaye mu. Na ce musu, "Maliki! Maliki!" Sai da liman ya zo ya yi musu bayani suka watse. Na koma ɗaki ina huci. An raba ni da ƙasata, an raba ni da aikina, yanzu kuma sallata ma sai an gyara mini.

Sannan damina tasu ta sauka. Ba irin tamu ba ce da hadari zai haɗu a yi ta addu'a kada iska ta kore shi. Ruwa ne kamar an buɗe bakin rijiya a sama, kwana da kwanaki ba ɗaukewa. Teku ta haukace, masunta suka jawo jiragensu tudu suka ɗaure. Takalmina ya yi fumfuna, littafina ya jiƙe a cikin akwati. Nakan tsaya a baranda in kalli ruwa mai daɗi, ruwan sha, yana gangarowa daga rufi, ya bi lambatu, ya shiga kogi, ya faɗa cikin gishiri ya lalace. Abin da ke zuba a awa guda da zai raya albasar Sabon Gida har girbi. In tuna matanmu da igiya a bakin rijiya, tafin hannu duk kanta. Wallahi har da sama na yi fushi, ina istigfari ina ƙara yi.

Cikin wannan ruwan ne na haɗu da Pak Leman. Pak a bakinsu kamar a ce Baba ne. Wata rana na gudu daga aji na bi bakin kogi ba tare da sanin inda za ni ba, sai na ji ƙarar injin gazuwal, wato dizal, yana tashi yana mutuwa a wata rumfar kwano ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Kunnena ya san wannan tarin. Na leƙa. Wani tsoho siriri, da zane ɗaure a ƙugu kamar yadda mazansu ke yi, yana ta juya hannun injin jirgi yana tsaki. Na yi sallama, ya amsa. Na nuna bututun mai, na hura iska da bakina. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya miƙo mini kile, wato sifana. Na sassauta notin, na bar mai ya fito da kumfa har ya tsaya tsab, na ɗaure. Juyi ɗaya injin ya kama. Tsohon ya fashe da dariya, ya doki kafaɗata, ya ƙwala wa matarsa kira, Mak Jah, ta sauko daga gidansu mai dogayen ƙafafu da shayi da wani abu dogo da ake yi da niƙaƙƙen kifi a soya.

Daga ranar rumfar Pak Leman ta zama ajina. A cibiya ba wanda ya damu. Ina jin ma sun ji daɗi da aka rage musu mai zama a baya yana harararsu. Lokacin da teku ta rufe shi ne lokacin gyaran injina, aiki ya yi masa yawa. Ashe injin jirgi da injin fanfo uwarsu ɗaya. Ya koya mini abin da ban taɓa gani ba: yadda ake wasa bakin bawul da hannu, yadda ake yanka gasket mai hana yoyo daga kwalin da aka yar, yadda ake farfaɗo da injin da ruwa ya shiga. Shi ya koya mini Malayanci, kalma-kalma, yana nuna abu yana faɗa. In na yi kuskure Mak Jah ta yi dariya daga saman matakala har ta share hawaye. Ban daina fushi ba, amma na samu inda zan ajiye shi in yi aiki.

A wata na huɗu wasiƙa ta zo daga gida. Ma'aikaciyar nan ta kawo mini ita har rumfa, tana murna don ta san na daɗe ina tambaya. Hannun daraktan lakwal ɗin garinmu ne, shi ke rubuta wa mutane, amma maganar ta Nomau ce. Ko gaisuwa babu.

"Asumana. Mun buga maka waya cewa Baba shina kwance, shina kiran sunanka, ka taho. Amsarka ta iso. Ka ce karatu ya hana, ba ka iya tasowa, a yi haƙuri. To mun yi. Baba ya yi kwana goma sha tara bayan amsarka, sannan Allah ya ɗauki abinai. An yi bakwai, an yi arba'in. Ka zamna ka ƙare karatunka. Nomau."

Na karanta sau uku a tsaye. Wace waya? Wace amsa? Sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Adireshin arewa na bar musu. Can wayar ta je, kuma ɗan Nijar ɗaya ne a can.

Kwana goma sha tara. Daga inda nake zuwa ƙofar gidanmu, ko da jiran jirgi, ko da lalacewar mota a hanyar Dosso, kwana biyar ya ishe ni.

Ban san na zauna a ƙasa cikin baƙin mai ba sai da Pak Leman ya dafa ni. Na ce masa da ɗan Malayancina, "Bapa saya," wato babana, sauran ya ƙi fita. Ya gane. Ya ce innalillahi, ya ɗauke kile daga hannuna, ya rufe rumfar da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Bayan azahar ya ja ni zuwa ƙaramin masallacin unguwarsu. Ya yi magana da liman. Liman ya tambaye ni sunan Baba, na ce Haruna. Sai na ga mutane sun miƙe sun ja sahu kamar na jana'iza, alhali ba gawa a gabansu. Mu a gida ban taɓa ganin an yi haka ba. Masunta ne kusan duka, ƙafafu duk farin gishiri, ba wanda ya san inda Adar take. Suka yi kabbara huɗu a kan Baba. Dattijon nan da ya kama mini hannu ranar Juma'a yana cikinsu, a gefena ma ya tsaya. Na saki hannuwana, bai taɓa ni ba. Da aka sallame ya rungume ni yana kuka kamar shi aka yi wa mutuwa. Da la'asar matan unguwa suka kawo tukwane gidan Mak Jah, aka zauna a kan tabarma aka yi ta hailala, aka ci abinci da sunan sadakar Baba. Ni ban taɓa nawa ba. Mak Jah ta zauna a gabana da kwano, ta ce, "Makan, anak," wato ci, ɗana. Ba ta tashi ba sai da na ci.

Kwana biyu bayan haka, da asuba, Pak Leman ya sa ni a motar wani abokinsa mai kai busasshen kifi babban birni. Ya riƙe hannuna ta taga ya yi mini doguwar magana. Abin da na tsinta shi ne kada in yi abin da zai sa a kulle ni a ƙasar mutane.

Na samu Mushe Kadri a masaukin manyan baƙi, a ɗakin cin abinci, da cokali mai yatsu a hannu. Ya yi ƙiba. Da ya gan ni, da rigata mai warin kifi, ya ɗan razana, sannan ya gyara fuska.

"A'a, Asumana! Wa ya ba ka izinin barin cibiya?"

Na ajiye wasiƙar a kan farantinsa.

"Karanta."

"Ka yi hankali, akwai mutane."

"Na ce ka karanta!"

Ya ɗaga ta da yatsu biyu ya duba. Ya ce Allah ya jiƙansa, kamar mai karanta sanarwa a rediyo.

"Wa ya amsa wayar?"

"Zauna mu yi magana kamar masu ilimi."

"Wa ya amsa da sunana?"

Ya aje cokalin. "Ni ne. Sanusi ya turo mini, na duba, na yanke shawara. Aikina ke nan. Gwamnati ta kawo ka nan, ba za ka bar sitaj a tsakiya ba don wani tsoho ya yi tari a ƙauye. Kowa yana da uba."

"Ba don gwamnati ka yi ba. Ka san in na sauka Yamai kafin ƙanen matarka ya karɓi takarda, zan faɗi abin da ka yi a filin jirgi."

Bai musa ba. Ya goge baki da ƙyalle, ya dube ni ya ce, "To in tambaye ka. Da ka koma, da ka hana shi mutuwa?"

Ban san lokacin da na ƙetare teburin ba. Na ji kwalar rigarsa a hannuna, na ji faranti ya fashe, na ga idanunsa sun firfito. Ma'aikatan wurin suka rufar mini ta baya. Hannuna na dama yana sama a dunƙule, kuma har yau ban san abin da ya hana shi sauka ba. Wataƙila maganar Pak Leman ce, wataƙila tunanin Inna ta ji an ce ɗanta yana kurkuku a bayan duniya.

Da suka raba mu ya gyara wuyan riga. "Ka manta wane zamani muke ciki. Layi biyu zan rubuta, kana sauka Yamai jandarma na jiranka. Ka gudu daga aiki, ka daki shugaban tawaga."

"Ba ni fasfona."

"Ranar tafiya."

"To rubuta a takarda cewa kai ka buga amsar, in kai wa wana."

Ya yi dariya ta hanci. "Ni in sa hannu a wannan? Kai dai baƙauye ne."

Na ɗauki wasiƙata daga cikin romo, na goge ta a rigata. Na ce, "Kadri," ba Mushe, "Allah ya isa tsakanina da kai. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, har mu tsaya gaban wanda ba a soke suna a takardarsa." Na fita. Mai motar kifi yana jirana a bakin titi.

Sauran wata biyun a rumfar Pak Leman na yi su. Na rubuta wa Nomau bayani dalla-dalla, amsa ba ta zo ba. Teku ta lafa, jirage suka koma ruwa da injinan da muka gyara. Cibiya ta ba ni takarda mai hatimi da ke shaida na ƙware a ɗinkin taru da adana kifi. Ranar da zan tafi Mak Jah ta ba ni zane mai furanni ta ce in kai wa mahaifiyata. Pak Leman bai iya sallama ba. Ya raka ni har tasha, ya tsaya yana duba tayar motar kamar shi zai tuƙa, da muka tashi ya juya baya.

A jirgi Kadri yana gaba, ni ina can baya. Inda muka sauka canjin jirgi Sanusi ya lallaɓo ya zauna kusa da ni.

"Malam Asumana, wallahi ranar da wayar ta zo na aika wa Mushe Kadri. Ban san abin da zai yi ba."

"Ka san inda nake?"

"Na sani."

"Ka iya rubutu?"

Ya sunkuyar da kai. Na tashi na canza kujera.

A Yamai na shigar da ƙara a rubuce. Aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce za a bincika. Har yau ana bincike. Sanusi kuwa kafin shekara ta zagayo an ba shi shugabancin wani babban aikin ban ruwa.

Na isa Sabon Gida da hantsi, ranar da ba kasuwa. Mutane suka yi mini sannu da zuwa da gaisuwar mutuwa a haɗe, amma na ga yadda wasu dattawa ke miƙo hannu suna kallon wani wuri. Labarin amsar ya zaga gari. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Inna, ba ni na buga ba. Wallahi ban ma san..."

"Tashi, Asumana. Na sani. Shi ma ya sani."

"Baba?"

"Da anka karanta mishi, sai ya ce, wanga ba bakin Asumana ba na. Ɗana ba shi aiko da magana bai gaida uwatai ba. Haka ya ce."

Na yi kukan da ban yi ba a gaban masunta. Na ba ta zanen, ta shafa shi ta ce mutanen kirki ne.

Nomau yana gona. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ce in taso ya nuna mini. Muka bi ta bayan gari zuwa maƙabarta, shi a gaba ni a baya. A hanya na sake ba shi labarin tun daga filin jirgi. Bai katse ni ba.

"Wasiƙarka ta iso," ya ce. "Darakta ya karanta mini. Na yarda ba kai ba na."

"To me ya sa ba ka amsa ba?"

"Mi zan ce maka? Ni na kai takardar gabanai. Ni na sa anka karanta. Da na sani da na ce ba a samu amsa ba."

Muka tsaya a gaban wani tudun ƙasa da aka jera wa duwatsu da ƙaya. Muka yi addu'a. Da muka shafa, na ce masa ko ba komai na gode Allah da Baba ya gane ba bakina ba ne, kamar yadda Inna ta faɗa mini.

Nomau ya juyo ya dube ni.

"Haka ta ce maka?"

"Haka ta ce."

Ya mai da ido kan duwatsun. "Ni dai ina wurin," ya ce. "Ban ji ya ce komi ba. Ya juya huska ga bango. Amma na fita na raka darakta ƙofa. Wataƙila sa'annan ya faɗa."

"Ka daɗe a wajen?"

"Ban daɗe ba."

Ya gyara wata ƙaya da iska ta ture, ya kakkaɓe hannu, ya kama hanyar gida. Na tsaya ni kaɗai har inuwa ta yi tsawo.

Inna ta yi shekara tara bayan haka. Sau da yawa nakan zauna kusa da ita in buɗe baki zan tambaya, sai in tambaye ta wani abu daban. Ranar da muka kai ta, Nomau ya riƙe hannuna a bakin kabari ya matse, na san abin da yake tunani, shi ma ya san nawa.